Shaidar mutum a intanet: Me ya sa mabuɗi iri ɗaya ba ya wadatarwa?

Yayin da gwamnatoci da kamfanoni ke ƙara karkata ga sabon tsarin shaidar mutum a intanet, wanda ba ya ƙarƙashin ikon wata hukuma guda, masu rubuta manhajojin wannan tsari na fama da wata tambaya: wane irin mabuɗin sirri ya kamata manhaja ta karɓa, kuma iri nawa? Amsar wannan tambaya ce za ta nuna ko shaidar da aka bai wa mutum yau za ta yi masa amfani nan da shekaru 20.

A ranar 3 ga watan Nuwamban shekara ta 2017, gwamnatin ƙasar Estoniya da ke arewacin Turai ta dakatar da aikin sa hannu ta intanet na katunan shaidar ɗan ƙasa fiye da dubu 750, a ƙasar da yawan jama'arta ya kai kimanin miliyan 1.3.

Da waɗannan katuna ne dai 'yan ƙasar ke shiga asusunsu na banki, suke sanya hannu a kan yarjejeniyoyi, har ma su kaɗa ƙuri'a a lokacin zaɓe.

Wasu masu bincike ne na Jami'ar Masaryk da ke birnin Brno na Jamhuriyar Cek suka gano cewa ɗan guntun ƙwaƙwalwar da ke jikin katunan, wanda kamfanin Infineon na Jamus ya ƙera, yana samar da mabuɗan RSA masu rauni, ta yadda mai isassun kwamfutoci zai iya gano sirrinsu.

Abin da ya ceci Estoniya shi ne, wannan ƙwaƙwalwa ta iya aiki da wani nau'in mabuɗi na daban. Saboda haka ba a bukaci a sake buga katunan ba. Jama'a sun sabunta su ta intanet daga gidajensu, ko kuma a ofisoshin 'yan sanda, inda aka sauya musu zuwa mabuɗan da aka gina a kan lissafin lanƙwasassun layuka.

Katin Estoniya ba ya cikin sabon tsarin da ake magana a kai. Amma abin da ya same shi ne misalin da ya fi fito da dalilin da ya sa masu gina sabon tsarin suka ƙi ɗaure shi da mabuɗi iri guda.

Mene ne sabon tsarin?

A tsarin da aka saba da shi, wata hukuma ce ko kamfani ke bai wa mutum lambar shaida, kuma ita ce ke riƙe da rumbun bayanan da ake tabbatar da lambar. Haka lambar NIN take a Najeriya, haka nan adireshin wasiƙun intanet na Gmail ko shafin mutum na Facebook. Wanda ya bayar da lambar na da ikon karɓe ta.

Sabon tsarin kuwa, wanda ake kira DID a taƙaice, lamba ce da mutum ko hukuma ke iya ƙirƙira da kansu, su kuma tabbatar da cewa tasu ce ta hanyar lissafi, ba tare da neman izinin wata cibiya ba.

Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da shi a matsayin ƙa'ida a ranar 19 ga watan Yulin shekara ta 2022, bayan ta yi watsi da ƙorafin da kamfanin Google da gidauniyar Mozilla suka shigar. Daga cikin ƙorafin nasu akwai cewa hanyoyin ƙirƙirar lambar sun yi yawa, kuma babu tabbacin za su fahimci juna. An yi rajistar irin waɗannan hanyoyi fiye da 100.

Kowace lambar DID tana tare da wata 'yar takarda ta kwamfuta da ke lissafa mabuɗan mai lambar, da nau'in kowane mabuɗi, da kuma aikin da aka yarda a yi da shi. Wani na shiga shafi ne, wani na sanya hannu a kan takardun shaida, wani kuma na kulle saƙonni.

Yadda mabuɗan ke aiki

Mabuɗan nan ba na ƙarfe ba ne, lambobi ne masu tsawo, kuma bibbiyu suke zuwa. Akwai mabuɗin sirri, wanda mai shi kaɗai ya sani, da kuma mabuɗin fili, wanda ake bai wa kowa.

Ana iya kwatanta mabuɗin sirri da hatimin da sarakuna ke bugawa a kan wasiƙunsu, mabuɗin fili kuma da samfurin tambarin hatimin da ke hannun masu karɓar wasiƙa. Da samfurin za a gane ko wasiƙa ta gaskiya ce, amma ba za a iya ƙera hatimin daga gare shi ba.

Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka fara bayyana wannan dabara ga duniya a shekara ta 1976 a Amurka. Daga nan aka yi ta fito da hanyoyin lissafi daban-daban na aiwatar da ita, kuma kowace hanya tana da nata irin mabuɗin. Sa hannun da aka yi da wani nau'i, ba a iya tantance shi da lissafin wani nau'in.

Nau'o'in da ake takara a kansu

Mafi daɗewa shi ne RSA, wanda Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka ƙirƙira a shekara ta 1977 a cibiyar MIT. Ya dogara ne a kan wahalar gano lambobi biyu da aka ninka aka samu wata lamba mai girman gaske. Matsalarsa ita ce girma: mabuɗin da aka fi amfani da shi yana cin bayit 256, kuma bayit ɗaya kusan daidai yake da harafi ɗaya a kwamfuta.

A shekara ta 1985 Neal Koblitz da Victor Miller, kowannensu a nasa ɓangaren, suka kawo shawarar amfani da lissafin lanƙwasassun layuka, wanda ke bayar da ƙarfin tsaro iri ɗaya da mabuɗi mafi ƙanƙanta. Nau'o'i uku daga wannan gida ne suka mamaye manhajojin DID.

Na farko shi ne P-256, wanda hukumar NIST mai kula da ma'aunai da fasaha ta Amurka ta amince da shi. Shi ne ya fi samun karɓuwa a wurin gwamnatoci da bankuna da masu ƙera na'urori. Tsawon shekaru, keɓaɓɓen sashen tsaro na wayoyin iPhone, wato Secure Enclave, shi kaɗai yake iya samarwa ya kuma adana.

Wannan batu na da muhimmanci, domin mabuɗin da aka samar a cikin irin wannan sashe ba ya fita daga cikinsa, ko da wata muguwar manhaja ta kutsa cikin wayar.

Na biyu shi ne secp256k1, wanda kuɗin intanet na Bitcoin ya fito da shi fili tun daga shekara ta 2009, sannan Ethereum ya bi sahu a shekara ta 2015. Duk wata lambar DID da aka jingina ga waɗannan kundaye na bulokcen, wato kundin da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa a lokaci guda, sai ta yi hulɗa da wannan nau'i.

Na uku shi ne Ed25519, wanda Daniel Bernstein da Tanja Lange da abokan aikinsu uku suka wallafa a shekara ta 2011. Mabuɗinsa na fili bayit 32 ne, sa hannunsa kuma bayit 64. An tsara shi ne yadda zai rage kurakuran masu rubuta manhaja.

Misalin irin wannan kuskure shi ne abin da aka fallasa a watan Disamban shekara ta 2010 game da na'urar wasan PlayStation 3. Tsarin sa hannun da kamfanin Sony ya yi amfani da shi na buƙatar sabuwar lamba ta kan-mai-uwa-da-wabi a kowane sa hannu, amma kamfanin ya yi ta maimaita lamba ɗaya, abin da ya bai wa masu kutse damar gano mabuɗinsa na sirri. Shi Ed25519 da kansa yake fitar da wannan lamba daga mabuɗin da kuma saƙon, don haka ba a faɗa wa wannan rami.

Farin jinin Ed25519 ya ƙaru bayan shekara ta 2013, lokacin da takardun da Edward Snowden ya kwarmata suka ƙarfafa zargin cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta saka wata ɓarauniyar hanya a cikin wani tsarin samar da lambobi da NIST ta amince da shi. NIST ta janye wannan tsari a shekara ta 2014. Ko da yake ba a nuna wani aibu makamancin haka a jikin P-256 ba, masu rubuta manhaja da dama sun gwammace su koma ga abin da aka tsara a wajen gwamnati.

Sai dai kuma sai a watan Fabrairun shekara ta 2023 NIST ta sanya Ed25519 cikin ƙa'idojinta na hukuma, kuma sai tsakanin shekarun 2023 da 2025 manyan manhajojin shiga intanet, Safari da Firefox da Chrome, suka buɗe shi ga shafuka. Wannan jinkiri ya sa manhajar da ke son yin aiki a ko'ina ba ta iya dogara da shi kaɗai.

Aikin da ke tattare da ƙara sabon nau'i

Ƙara wa manhaja sabon nau'in mabuɗi ya wuce ƙara suna a cikin jeri.

Da farko dole manhajar ta gane nau'in da aka miƙo mata. A hanyar da ake kira did:key, wadda ita ce mafi sauƙi, ana liƙa wata alama a gaban mabuɗin kafin a mayar da shi haruffa. Shi ya sa lambar da ta fara da z6Mk ta Ed25519 ce, wadda ta fara da zQ3s ta secp256k1 ce, wadda kuma ta fara da zDn ta P-256 ce.

Bayan haka akwai batun siffar rubutu. Mabuɗin fili na P-256 ana iya rubuta shi a taƙaice cikin bayit 33, ko a cike cikin bayit 65. Ana iya kawo shi a siffar JWK, wadda aka tsayar a shekara ta 2015, ko a siffar Multikey ta baya-bayan nan. Shi kansa sa hannun yana da siffa fiye da ɗaya. Idan manhaja biyu suka saɓa a ɗaya daga cikin waɗannan, takardar shaida ta gaskiya za ta bayyana kamar ta jabu.

Hakazalika dole a bincika cewa mabuɗin da aka kawo ingantacce ne bisa ƙa'idar lissafinsa, kafin a yi aiki da shi, domin masu kutse kan aiko da gurɓataccen mabuɗi da gangan.

Ko a nau'i ɗaya ma akan samu saɓani. Wani bincike da aka wallafa a shekara ta 2020 ya nuna cewa fitattun manhajojin da ke tantance sa hannun Ed25519 ba su yi ittifaƙi a kan wasu sa hannu da aka ƙirƙira musamman don gwaji ba: wasu sun karɓa, wasu sun ƙi. A tsarin da ba shi da alƙali guda da zai raba gardama, irin wannan saɓani na iya sa ofishi ɗaya ya amince da takardar mutum, wani ofishin kuma ya kore shi.

Haɗarin yawan ƙofofi

Masu iya magana na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane sabon nau'i da aka ƙara, ƙarin layukan manhaja ne da za a iya yin kuskure a cikinsu.

A shekara ta 2015 an gano cewa manhajoji da dama masu tantance takardun shiga shafi na JWT suna barin takardar da kanta ta faɗa musu irin lissafin da za a bincike ta da shi. Mai kutse sai kawai ya rubuta cewa babu buƙatar sa hannu, manhajar kuma ta yarda. Darasin da aka ɗauka shi ne, mabuɗin da aka riga aka amince da shi ne zai ƙayyade lissafin, ba saƙon da baƙo ya aiko ba.

A watan Afrilun shekara ta 2022 kuma kamfanin Oracle ya toshe wata kafa a harshen Java, daga fitowa ta 15 zuwa ta 18, inda sa hannun da babu komai a cikinsa sai sifiri ke wucewa a matsayin na gaskiya. Lissafin ba shi da laifi. An manta ne da wani ɗan bincike guda yayin da aka sake rubuta manhajar.

Saboda irin wannan ne wasu suka zaɓi taƙaitawa. Dandalin sada zumunta na Bluesky, wanda kowane mai shafi a cikinsa ke da lambar DID, nau'i biyu kacal ya amince da su: P-256 saboda na'urorin tsaro, da secp256k1. Ya kuma sanya sharaɗi cewa daga siffofi biyu da sa hannu ɗaya zai iya ɗauka a lissafance, guda ɗaya kawai za a karɓa.

A ɗaya hannun kuma, tsarin da ya daɗe yakan tarar da kansa a inda bai yi zato ba. Masarautar Butan da ke tsaunukan Himalaya ta ƙaddamar da tsarin shaidar ɗan ƙasa da aka gina a kan DID a watan Oktoban shekara ta 2023, a kan kundin Hyperledger Indy, wanda ke amfani da Ed25519. A shekara ta 2024 ta koma kundin Polygon, sannan a watan Oktoban shekara ta 2025 ta sanar da komawa Ethereum, waɗanda dukkansu biyu a kan secp256k1 asusunsu ke tafiya. Ƙaura biyu ke nan cikin shekaru biyu.

Batun sirrin mai shaida

Akwai kuma nau'in da ake nema ba don ƙarfi ko sauri ba, sai don kare sirrin mutum. Tsarin sa hannu na BBS, wanda ke aiki da mabuɗan BLS12-381, yana bai wa mutum damar nuna wani ɓangare na takardarsa, ya ɓoye sauran. Bugu da ƙari, duk lokacin da ya nuna ta, hujjar da ke fita daban take, ta yadda ofisoshi biyu ba za su iya haɗa kai su gane cewa mutum ɗaya ne ya zo musu ba.

Wannan ya zama abin muhawara a Tarayyar Turai, inda wata doka da ta fara aiki a watan Mayun shekara ta 2024 ta wajabta wa ƙasashe mambobi su samar wa jama'arsu jakar shaida ta waya kafin ƙarshen shekara ta 2026. A watan Yunin 2024 wasu masana ilimin sirranta bayanai sun rubuta wa hukumar Tarayyar suna ba da shawarar a yi amfani da BBS, suna cewa tsarin da aka zaɓa bai hana bin sawun jama'a yadda ya kamata ba.

Cikas ɗin shi ne, sassan tsaro na wayoyin da ke hannun jama'a ba a ƙera su da wannan lissafi ba. Kuma lokacin da W3C ta amince da jerin ƙa'idojin takardun shaida na zamani a watan Mayun shekara ta 2025, ta haɗa da na Ed25519 da na dangin P-256, amma na BBS bai shiga cikin jerin ba.

Barazanar kwamfutar kwantam

Babban dalilin da ya sa batun ya zama na gaggawa shi ne abin da masanin lissafi Peter Shor ya nuna a shekara ta 1994: cewa kwamfutar kwantam, wadda ke aiki da ƙa'idojin ƙwayar zarra, idan ta kai wani girma za ta iya karya RSA da kuma duk mabuɗan lanƙwasassun layuka. Wato duk nau'o'in da aka ambata a sama, babu wanda zai tsira.

Kawo yanzu dai babu wanda ya nuna kwamfutar da ta kai wannan ƙarfi. Amma takardar shaidar kammala jami'a ko ta mallakar fili abu ne da ake so ya yi aiki shekaru 30 ko 40. Ranar da aka iya ƙirƙirar sa hannun jabu da sunan wata jami'a, rarrabe tsoffin takardunta na gaskiya da na jabu zai yi wuya matuƙa.

A ranar 13 ga watan Agustan shekara ta 2024 NIST ta fitar da ƙa'idoji uku na farko da aka tsara don jure wa wannan barazana. Biyu daga cikinsu, ML-DSA da SLH-DSA, na sa hannu ne. A wani daftari da ta fitar a watan Nuwamban shekarar, hukumar ta ba da shawarar a daina amfani da RSA da mabuɗan lanƙwasassun layuka baki ɗaya nan da shekara ta 2035.

Sabbin nau'o'in suna da nauyi. Mafi ƙanƙantar ML-DSA yana da mabuɗin fili na bayit 1,312 da sa hannu na bayit 2,420, idan aka kwatanta da 32 da 64 na Ed25519. Tambarin QR, wanda ake bugawa a kan takarda a duba da waya, ba ya ɗaukar fiye da bayit 2,953. Ke nan sa hannun kaɗai ya kusa cinye wurin, tun kafin a rubuta sunan mai takardar.

Wannan zai fi shafar wuraren da intanet ba ta da ƙarfi, inda ake dogara da bugaggen tambari don tantance takarda ba tare da haɗa waya da wani rumbun bayanai ba.

Abin da ya kamata a duba

Tsarin DID ya tanadi hanyar yin wannan sauyi, tun da takardar lambar na iya ɗaukar mabuɗai fiye da ɗaya. Hukuma na iya sanya tsohon nau'i da sabo a jere, ta sa hannu da duka biyun na wani lokaci, sannan ta cire tsohon, lambarta kuma ba ta canja ba.

Amma ba kowace hanya ce ke ba da wannan dama ba. A hanyar did:key, mabuɗin shi ne lambar, saboda haka idan mabuɗin ya canja, lambar ma ta canja, kuma duk takardun da aka jingina gare ta sai an sake bayar da su. Hanyar did:web, wadda ke ajiye takardar a shafin intanet na mai lambar, tana ba da damar sauyi, amma ta dogara ga mallakar sunan shafin. Hanyar did:plc ta Bluesky tana ba da damar sauya mabuɗi, har da wa'adin sa'o'i 72 da mai shafi zai iya soke canjin da ɓarawo ya yi, muddin yana riƙe da mabuɗin da ya fi na ɓarawon daraja.

Ga gwamnatin da ke shirin sayen irin wannan tsari, ko jami'a ko bankin da ke son bayar da takardu ta wannan hanya, tambayoyin da suka dace a yi wa mai kwangila su ne: nau'o'in mabuɗi nawa manhajar ke karɓa, wa ya gwada kowannensu, kuma idan aka wayi gari ɗaya ya karye, kwana nawa za a ɗauka a koma wani ba tare da an sake yi wa jama'a rajista ba.

A Estoniya, tsakanin ranar da aka sanar da hukumomi game da raunin a ƙarshen watan Agustan 2017 da ranar da aka dakatar da katunan, watanni biyu ne da 'yan kwanaki kawai.